Faɗin Farce a Bututun Ƙaho

Shekara goma sha tara ni ke ba da murya a ƙungiyarmu ta badujala. Kafin a fara kiɗa sai in ɗaga ƙahona in busa dogon sauti guda, kowa ya daidaita nasa da nawa. Aikin minti ɗaya ne, amma a mintin nan kunnen mutum ashirin yana wurina.

Ran Talata shugabanmu ya shigo ɗakin gwaji, ko kallona bai yi ba ya ce, "Dogo, ba mu murya."

Dogo ƙanen matata ne, mai busa sarewa. Ni na kawo shi, ni na roƙa masa kujera. Ya busa, sautin ya fito tas, ko rawa babu. Wallahi da ya kuskure da na ji sanyi a raina. Kishi ya tokare ni har gida, inda matata ta tare ni da, "Ashe an ɗaga ƙanena?" Na ce kaina ke ciwo.

Kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa. A jikin ƙaho akwai wani lanƙwasasshen bututu, in ka ja shi waje murya ta sauka, in ka tura shi ciki ta hau. Akwai kuma waƙar da ni da Dogo muke riƙe sauti ɗaya mu kaɗai. In nawa ya ɗan haura nasa, sautukan za su yi ta karo suna karkarwa, kuma wa zai zargi tsohon hannu?

Ran Alhamis, bayan an gama daidaitawa, na sunkuya kamar ina zubar da yawun da ya taru a ƙaho, na tura bututun ciki faɗin farce. Muka iso wurin, na busa. A kunnena kam na haura shi sosai.

Shugaba ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Na gyara zama ina jiran Dogo ya sha faɗa.

"Yauwa!" in ji shugaba, yana nuna ni da sandarsa. "Me ka taɓa?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"To bar shi a nan. Shekara biyu kana ƙasa muna bin ka ƙasa, an rasa mai gaya maka. Yau ka hau daidai."

Na waiwaya. Mai ganga yana kallon takalminsa, sauran kowa ya sa ido a takardarsa. Dogo ya matso, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, mu sake daga farko?"

Na ɗaga ƙahon na busa. Kunnena yana ce mini kuskure ne, su kuwa duk suna gyaɗa kai.