Rijiyar Gindin Dutse

Kwana uku ambulan ɗin ya yi a ƙarƙashin buzun Malam Safiyanu, duk sujadar da zai yi sai ya ji shi yana ƙara a ƙasan gwiwarsa. Shafi goma sha huɗu ne a ciki, Turanci zalla, an jera shi ƙanana-ƙanana kamar tururuwa. Wani Rabi'u ne ya kawo, wakilin wani kamfanin fasa dutse, mutum mai farar mota da murmushin da ba ya gajiya. Abin da suke so, in ji shi, hayar baƙin dutsen nan da ke kwance a ƙarshen gonar Malam a Dingaya, dutsen da tun kaka da kakanni bai haifi komai ba sai ƙadangaru.

Dutsen bai dami Malam ba, su kwashe shi har saiwarsa in yana da ita. Abin da ke gindinsa ne ya hana shi sukuni. A nan rijiyar da mahaifinsa, Iliyasu, ya haƙa take, rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a bazarar da mutanen Fagam suka riƙa tono a cikin rafi. Shanunsa talatin da ɗaya da ita suke rayuwa, gidaje huɗu ma a nan suke ɗiba.

"Ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba," ya ce da matarsa Hapsatu. "Lauya zan nema."

Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "To ai nema ya ƙare, Malam. Ga mijin Dada."

Dada 'yarsu ce ta fari. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bakinsa bai taɓa furta sunanta na yanka ba. Mijinta Ikrima lauya ne a Birnin Kudu. Shekara shida da auren, in ya zo gaisuwa tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a tambayi mutanen gida, shi ke nan hira ta ƙare.

"Ke dai ba kya duba magana," in ji Malam. "In je in zauna gaban yaron nan, yana kan kujera mai juyawa, in ce masa ungo karanta mini, ban iya ba? In ya ga na yi kuskure, da wane baki zai faɗa mini? In shi ya yi, da wane ido zan dube shi? Gobe abu ya lalace, auren yarinya ne zai sha zafin."

"Kunya dai ba ta jin Turanci," ta ce, ta buga rariya a gefen ƙwarya.

A gaskiya maganarsa ba wauta ba ce zalla, shi ya sa ma ta fi haɗari. Washegari ya hau babur zuwa Gwaram, daga can ya shiga bas zuwa Birnin Kudu.

Ofisoshin lauyoyi a layi ɗaya suke bayan kotu, kuma na Ikrima ne na biyu. Da Malam ya zo daidai ƙofar sai ya ƙara sauri, ya mai da fuskarsa wajen mai rake, kai ka ce rake ne ya kawo shi garin.

Ofishin da ya fara shiga na wata Barista Lailatu ne, wadda a ganinsa Dada ma ta girme ta. Ta gaishe shi da ladabi, ta zare takardun, ta ɗauki biro. Daga nan tambayoyi suka fara zuba.

"Baba, takardar gonar da sunan wa take? An raba gado? Kuna da 'yan'uwa mata? Akwai ruwa a filin, ko kabari, ko hanyar shanu?"

Malam ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Karatu ya kawo a yi masa, ga shi an tsare shi kamar wanda ya cinye rabon marayu.

"Yarinya, me ya haɗa gadon gidanmu da hayar dutse?"

"Komai ma, Baba. Kuma shafi na tara ɗin nan bai kwanta mini ba. Yana nuni da wata taswira, ita kuma ba su haɗo ta ba. Ku bar mini takardun mako guda, in nemi taswirar, in ya kama in je in ga wurin da idona."

Mako guda a kan shafi goma sha huɗu! Malam ya tattara takardunsa ya yi godiya. Shi mutum ne da ya san zaɓen sa a kara, kasuwar shanu: ka dubi tafiyarsa, ka dubi natsuwarsa, wanda ke yawan zabura ka bar shi. Wannan yarinya zabura ta yi mata yawa.

A ƙarshen layin ya samu abin da yake nema. Barista Ɗanbala dattijo ne mai furfura a gemu da tabon salla a goshi. Ya taso daga bayan tebur ya tarye shi da hannu biyu, ya ƙi barinsa ya zauna a kujera, suka zauna tare a kan darduma, ya tsiyaya masa shayi da kansa. Bai tambayi gado ba, bai tambayi kowa ba. Ya zare takardun ya dubi shafin farko kawai, sannan ya kife su a cinyarsa ya fara bayani da Hausa mai daɗi, sharaɗi bayan sharaɗi, ba gargada. Malam ya saki baki. Bai taɓa ganin irin wannan ba sai wurin mahaddata.

"Ita kuwa rijiyar nan ta gabas da dutsen," in ji Barista, "kamfani ne zai ɗauki nauyin kula da ita. An sauke maka kaya ke nan."

Malam ya tsaya da kofi a hannu. Ya duba cikin ransa, bai tuna ya ambaci rijiya ba tun shigowarsa.

"Barista, ka taɓa zuwa Dingaya ne?"

"Haba Malam, ai sanin irin wannan shi ne abincinmu." Ya yi dariya, ya ƙara masa shayi.

Wani abu mai sanyi ya ratsa cikin Malam ya wuce. Ya bi shi da kurɓar shayi. Mutumin da ya zaunar da kai a dardumarsa, ai ba ka tsare shi da tambaya kamar yadda waccan yarinyar ta yi maka ba. Ya rubuta sunansa da ajami a wuri uku, ya dangwala yatsa. A shafin ƙarshe Barista ma ya sa nasa hannun ya buga hatimi, shaidar cewa an karanta wa mai gona komai, ya kuma fahimta.

Kaka ce lokacin, kamfani ya biya shi hayar shekarar farko. Har aka gama sussuka ba abin da ya faru, Malam yana ta yi wa Hapsatu gori. Motocin sai farkon bazara suka iso, manya-manya, masu haƙora. Ranar da aka tashi nakiyar farko kwanukan jeren Hapsatu suka zubo, wata saniya ta yi ɓari, bangon rumbu ya tsage daga sama har ƙasa. Malam ya haɗiye. Dutse ya bayar, kuma dutse ba a fasa shi da lallashi.

Sai wata safiya ya tarar da turaku masu jan fenti a ka. Ya bi su da ƙafa. Ba dutsen suka kewaya ba. Sun ratsa ta tsakiyar gonar gero, sun haɗiye kukar nan da yake hutawa a ƙarƙashinta, sun zagayo bayan rijiya da tazara mai yawa. Bayan kwana biyu aka fara ɗaura waya, aka bar ƙofa ɗaya.

Ya samu Rabi'u a inuwar motarsa. Murmushin yana nan yadda aka san shi.

"Shafi na tara, Baba. Dutsen, da duk abin da ke kewaye da shi mita ɗari uku, da ruwan da ke ciki, shekara ashirin da biyar. Injinmu yana shan ruwa sosai. Ai lauyanka ya karanta maka."

Malam bai koma gida ba, daga nan ya nemi babur.

Barista Ɗanbala ya tarye shi kamar wancan karon, hannu biyu, darduma, shayi. Ya saurare shi har ƙarshe yana girgiza kai cikin tausayi.

"Wallahi abin bai yi daɗi ba. Sai dai ni ba zan iya shiga wannan rigimar ba, Malam. Mutanen nan shekara bakwai ina yi musu aiki. Takardar ma ni na tsara musu."

Malam ya dube shi. Ashe ba hadda ba ce, mutum ne yake karanta rubutun hannunsa.

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ba ka tambaye ni ba. Kuma ban yi maka ƙarya ba ko a kalma ɗaya. Na ce za su kula da rijiya, ga shi har waya sun sa mata."

Da ya fito rana tana tsaka. Daga ƙarshen layin zuwa ofishi na biyu bai fi taku sittin ba, amma Malam ya fi jin su a kan tafiyar Dingaya zuwa Gwaram. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ta ba.

Ikrima ya zabura har kujerarsa ta bugi bango. Ya tuɓe takalmi a cikin ofishinsa, ya durƙusa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen gida. Sannan Malam ya miƙa ambulan ɗin yana kallon ƙasa.

Ikrima bai koma kujera ba, a durƙushe ya karanta, layi-layi, yana bi da yatsa. Ba abin da ake ji sai fanka. A shafi na tara ya daɗe. A na ƙarshe ya fi daɗewa.

"Baba, ku gafarce ni, zan yi magana irin ta aiki."

"Ita ta kawo ni."

"Sun rufe ƙofofi da yawa. An rubuta cewa in rigima ta tashi ba kotun nan za a je ba, sai zaman sasanci a Abuja. An kuma rubuta cewa kun nemi shawarar lauyan da kuka zaɓa da kanku, ga hatiminsa. Abin da ya yi laifi ne a aikinmu, kuma zan kai ƙararsa, zan kuma nemi a dakatar da su. Amma tun da kuka karɓi hayar shekarar farko, za su ce kun yarda. Abin zai ja, Baba. Ba maganar wata ɗaya ko biyu nake ba."

"Da an kawo maka tun farko fa?"

Ikrima ya sake buɗe shafi na tara.

"Layi biyu ne, da an soke su. Da sun yarda, dutsen suke so ido rufe." Muryarsa ta yi rauni. "Baba, ranar na ga wucewarku ta taga, da ambulan a hannu. Na taso har bakin ƙofa. Sai na ga kun kau da kai, na ce kada in shiga abin da ba a sa ni ba. Na gaya wa Dada, ita ma ta ce mu bari sai kun kira."

Malam ya ji baƙin ciki ya cika masa ƙirji, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Kowa ya kiyaye mutuncin kowa, ba wanda ya yi rashin kunya ko ƙwaya ɗaya. Ya so ya ce wa yaron ba laifinsa ba ne, bakin ya ƙi buɗuwa, don irin wannan maganar ma ba su taɓa yi ba.

"Allah ya yi albarka," kawai ya ce, ya miƙe.

La'asar sakaliya ya isa Dingaya. Shanun sun riga shi zuwa rijiya, sun yi cirko-cirko a cikin wayar suna jiran wanda zai ja musu. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a jikin turke, ya zura guga. Ruwan ya fito garau da sanyinsa. Ya cika kwami, suka sha, ya sake cikawa. Ya ci gaba da ja har bayan sun ƙoshi sun fara juya baya, tafukansa suna zogi, ruwa yana malala a ƙasa.

A bakin ƙofar wayar wani mutum yana tsaye cikin kayan masu gadi, dattijo ne kamarsa, baƙo, da sabon kwaɗo a hannu. Da suka haɗa ido sai ya ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, Malam. Ka gama a hankali, ba sauri nake ba."