Igiya Biyu a Bauranya

Harisu yana durƙushe yana shimfiɗa igiya ta biyu a filin makarantar Bauranya, sai ga Alhaji Ɗanmaliki ya tsaya a kansa. Shi ne shugaban kwamitin sulhun da ya gayyato ƙungiyar wasan kwaikwayonsu tun daga Kankia.

"Malam, an ce mani wasan nan ba mugu a ciki."

"Babu, ranka ya daɗe."

"To wa jama'a za su zaga? Ka sa mutum guda ya cinye burtali, a kama shi, ya tuba, a yi musabaha, kowa ya tahi gida. Ka san bara sai da aka zubar da jini a yankin nan kan shanu da gero."

Harisu ya ce zai duba. Bai duba komai ba. Ya miƙe, ya gyara igiyar da ba ta karkace ba, ya leƙa ajin da 'yan wasa ke shiri, ya fito, ya sake komawa. Malamin Hausa ne, ya daɗe yana shirya wasanni, amma bai taɓa yi a gaban mutanen da abin ke ci wa rai ba. Manoma sun taru a inuwar dalbejiya. Makiyaya suna can ɗaya gefen, kowa da sandarsa a kafaɗa, matansu sun sauke ƙoren nono a gabansu. Tsakanin ɓangarorin biyu ko sallama ba a yi ba.

"Malam, ka zauna," in ji Haulatu mai riƙe da ganga. "Kana sa mu faɗuwar gaba."

Bai zauna ba. Aka soma.

Tsakanin igiyoyin nan biyu shi ne burtali, hanyar shanu. Yakubu da Bishir suka fito a matsayin manoma, kowa gonarsa a gefe guda. Suka shiga gaisuwa, ina iyali, ina ruwa, ina gajiya. Baki na gaisuwa, babban yatsan Yakubu na tura igiya ciki. Bishir ya gani, ya yi tari, ya tura tasa. Wuri ya kaure da dariya. Haulatu ta buga ganga, alamar wata damina ta zo. Aka sake gaisawa, aka sake turawa. Wanda ya fito a mai unguwa ya zo wucewa, ya kalli igiya, ya ɗaga kai sama yana duban hadari.

A damina ta huɗu dariyar ta ragu.

Sai Sadisu ya shigo da malafa, yana kora shanun da ba a gani. Ya bi burtalin a karkace kamar mai bin katanga, har ƙafarsa ta faɗa gona. Yakubu ya ɗaga fartanya, Sadisu ya ɗaga sanda. Ganga ta ɗauke, suka ƙame a haka, hannuwa a sama.

Harisu ya shiga tsakiya.

"Jama'a, iyakar abin da muka shirya ke nan. Ba mu da ƙarshe. Wanda ya san yadda za a yi hannuwan nan su sauka, ga fili."

Ba wanda ya fito. Fartanyar ta fara yi wa Yakubu nauyi. Wani saurayi daga cikin makiyaya ya miƙe tsaye, ya gyara riƙon sandarsa. Ɗanmaliki ya ciro waya yana latsawa, idonsa a kan Harisu.  Harisu ya fara tunanin yadda zai kwashe 'yan wasansa zuwa mota.

Wani tsohon manomi da ake kira Jaji ya taso a hankali, yana dafa gwiwa. Ya zagaya igiyoyin kamar mai taya akuya a kasuwa. Ya sunkuya ya ja ta gefen Bishir baya sosai.

"Wanga ya fi ci," ya ce.

"Baba Jaji," wata murya ta fito daga inuwar dalbejiya, "kai kullum gonar maƙwabci ke da laifi."

Shehu ne, wanda gonarsa ke kallon ta Jaji. Ya fito da sauri, ya kama igiyar gefen Yakubu, ya ja ta har ta fi ɗayar nisa. Jaji ya ƙara jan tasa. Dariya ta ɓarke, wannan karon har da makiyaya. Saurayin nan ya koma ya zauna.

Inna Sodangi mai sayar da nono ta aza ƙwaryarta a ka, ta bi ta tsakiyar igiyoyin tana takawa a natse har ƙarshe. Ta juyo.

"Hanya ta samu. Saura mashaya."

Yakubu da Sadisu suka sauke hannuwa ba tare da kowa ya ba su izini ba. Aka shiga maganar mashaya, ana ɗaga murya, ana nuna gabas da yamma. Ba a yi musabaha ba, amma har aka kira la'asar ba wanda ya bar filin.

Harisu yana naɗe igiya, Ɗanmaliki ya zo ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa a sake.

"Ka tsorata ni, Malam, amma ya yi. Za mu kai shi Kunduru, mu kai shi duk inda kake so." Ya rage murya. "Ban da Fakuwa. Can ba su da wannan matsalar."

Ya wuce wajen motarsa. Yakubu, wanda ɗan Fakuwa ne, ya matso yana murza kafaɗa.

"Gonarsa ta Fakuwa," ya ce a hankali, "har mashayar ta haɗiye."

Harisu ya ƙarasa naɗin, ya cusa igiyoyin a buhu, ya ɗaure bakinsa.

"Yakubu, wace rana ce kasuwarku ta Fakuwa ke ci?"