Ƙahon da Aka Yi wa Maiturare

Lauwali wanzami ya kafa ƙaho na huɗu a ƙwaurin Maiturare ke nan, Hure ta tuna gargaɗin Malama Catherine, nas ɗin da ke haya a unguwarsu ta Gummi: ko allura kada ta taɓa ƙafafun nan. Ta tuna, ta kuma ja bakinta, don ita da kanta ta kira wanzamin.

Shekara talatin Hure da Maiturare suna katanga ɗaya. Maiturare mai waina ce, ta zauna gaban tanda har zaman ya bi jikinta. Da, in mata suka ga ƙibarta sai su ce hutu ne. Daga baya gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, salla ta koma a zaune, ƙafafu suka kumbura har idon sawu ya ɓace. Catherine ta ce ruwa ne ya taru ya rasa hanya. A rage tuwo da mai, a naɗa bandeji, a riƙa takawa ko da zuwa bakin rijiya. To amma wa zai zo dubiya hannu rabbana? Kowa da kwanon furarsa, Maiturare kuwa kunya ba ta barinta mayar da kwano cike. Wata uku Hure tana naɗa bandeji, kumburi ko gezau. Tausayi ne ya ci ƙarfinta.

"Hure, na ji sakayau," in ji Maiturare da aka cire ƙahon. "Allah shi biya ki."

Tsagar ba ta rufe ba. Ruwa ya yi ta tsattsafowa, a kwana na biyar fata ta yi jawur, zazzaɓi ya rufe Maiturare. Catherine ta ɗaga zane, ta gani, ba ta tambayi kowa ba, ta dai ce a kai ta Sakkwato yanzu. Mota ta zo, maza huɗu suka kasa fitar da mara lafiyar ta ƙofar ɗakin. Ana cikin fasa bango rai ya yi halinsa.

Da aka dawo daga maƙabarta, Muttaka ɗan Maiturare ya durƙusa gaban Hure.

"Inna, duk unguwag ga ke ɗai kinka tsaya mata. Mun gode."

Ya jira kaɗan, sannan ya koma wurin maza. Hure ta zauna tana kallon ɓarin bangon, inda wata kaza ta hau tana tonon jar ƙasa.