Gilashin da Ya Haɗiye Shagon Zare

"Kai ne ka kashe mini shago, kuma da idonka biyu ka yi."

Mai gilashi ya ɗago kai daga teburin yanka. Tsohuwa mai zare ce tsaye a bakin ƙofarsa tana haki, mayafi ya zame mata daga kafaɗa ɗaya. A cikin madubai da aka jingina jikin bango, tsofaffi shida ne ke nuna shi da yatsa lokaci guda.

"Iya, ko sallama babu?"

"Sallamar tana can ka rufe ta da gilashi. Ajiye abin hannunka ka biyo ni."

Shekara talatin da ɗaya tana sayar da zare da maɓalli da allura da zif a layin nan. A da gaban shagon a buɗe yake. Igiya uku ne daga gefe zuwa gefe, zare na reto a kansu, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, ga wani benci da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Mace za ta zo wucewa, zare ya shafi kafaɗarta, ta tuna rigar da ba ta ƙarasa ba, sai ta zauna. Ana nan babban ɗanta ya dawo daga tafiya da hoton wani shago mai gilashi a waya, ya ce shagon uwarsa ba zai ci gaba da zama kamar wurin shanya ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Da ta tashi, ta tarar da bangon gilashi mai duhu da ƙofa mai nauyin tsiya, benci kuwa babu shi. Yau kwana arba'in ke nan. Jiya kuma ɗan ya ce tunda ba mai shiga, ta zauna gida ta huta, zai ba masu sayar da waya wurin ƙarshen wata.

Ta ƙofar baya ta shigar da mai gilashi, inda take bi kullum daga lungun gidanta. Ta nuna masa kujerarta.

"Zauna. Kar ka ce komai. Kalla kawai."

Cikin shagon shiru, da wani haske mai launin ruwan shayi. Ƙarar titi ba ta shigowa. Motoci na wucewa a hankali kamar a ƙarƙashin ruwa, mutane na motsa baki ba a jin abin da suke cewa. Wani mai jaka ya tsaya daf da gilashin, ya buɗe baki ya duba haƙoransa, ya wuce. Wata budurwa ta gyara ɗankwali, ta karkata kai, ta yi murmushi cikin idon mai gilashi sosai. Har ya ɗaga hannu zai amsa.

"Sauke hannunka, ba da kai take ba," in ji tsohuwar. "Ni mako guda na yi ina mayar musu da murmushi, ina cewa sannunku da zuwa. Ashe kansu suke gaisarwa."

"Iya, ai irin wanda ake yayi ke nan. Yana tare rana, kaya ba sa koɗewa."

"Zare ya koɗe a hannun mai saye ya fi ya yi kyau a kabari. Ni nan ina ganin kowa, ba mai ganina. Wani lokaci sai na mintsini kaina na ji ko ina raye."

Ta ba shi labarin safiyar yau. Akwai wata tela da ake ce wa Gajera, tun tana goyon fari a nan take sayen zare, yanzu har jikoki gare ta. Ta zo ta tsaya gaban gilashin, fuskarta ta washe, ta miƙa hannu kamar mai taɓa zare. Yatsunta suka bugi gilashi. Ta yi turus, ta waiga baya, ta tsallaka titi. Kafin tsohuwar ta gama kokawa da ƙofa, Gajera ta yi nisa.

"Sai na juyo zan koma ciki. Tun da ka manna abin nan ban taɓa tsayawa gabansa da rana ba sai yau. Taso ka ga abin da na gani."

Suka fito. Zafi da hayaniya suka dawo musu gaba ɗaya. Ta juya shi ya fuskanci aikin hannunsa.

Shagonta na da ne a cikin gilashin. Igiya uku, zare na reto a iska, ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Ga bencin nan da ƙafarsa kan bulo, mata uku a kai, Gajera a tsakiya tana dariya. Komai na ɗan rawa kamar abin da ake gani a mafarkin rana. Sai dai wadda ke zaune a bayan igiyoyin ba ita ba ce. Matar tsallaken titi ce, wadda ta buɗe shagon zare bara, wadda a da sai ta yini tana korar ƙuda.

Mai gilashi ya waiga tsallake, ya sake duban gilashin. Tsohuwar ta nuna bencin da yatsa.

"Bencina ne. Ɗana ya ce a jefar, ta ɗauka. Ban ga laifinta ba, ko ni ce zan ɗauka. Amma dubi nan. Duk wanda ya biyo ta gefena, kayanta yake gani a jikin shagona. Ya miƙa hannu, ya ji sanyi, ya juya ya tsallaka. Kwana arba'in ina zaune cikin duhu ina yi wa wata talla."

Daga tsallake Gajera ta hango ta, ta dafe ƙirji. "La! Yaya, kina nan? Wallahi cewa aka yi kin bar sana'a, wurin ya zama ofis!"

Tsohuwar ta juya ta dubi mai gilashi.

Mai gilashi ya durƙusa daga cikin ƙofa, ya sa farce a kusurwar gilashin, ya ja. Wata baƙar leda ta ɗago, faɗin tafin hannu. Ta wannan 'yar kafa aka hango maɓallai a kwalba suna ƙyalli.

"Leda ce kawai, Iya. Awa ɗaya na ɓare ta. Amma ɗanki ne ya zaɓa, shi ya sa ni aiki. Sai ya ce."

Ta kwance bakin zane, ta ciro waya ta miƙa masa. "Ni ban iya karatu ba. Shi ne na farko a ciki. Kira shi, ka ce ya bar abin da yake yi."

Ta gyara mayafi, ta zauna daɓas a kan dakalin ƙofa, bayanta jingine da gilashin da ke nuna shagon wata.

"Ba inda zan tashi. Kai ka ce shi ya zaɓa, shi zai ce kai ka manna. To ku tsaya nan ku biyu, ku dubi gilashin nan da kyau, ɗayanku ya amsa mini: wa ya ɗauke ni daga shagona da raina, ya zaunar da wata?"