Inda Agwagwa Ta Tsaya

Ni dai tun farko ban goyi bayan wannan karatun gida ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Ranar da matar ƙanena ta ce ta cire 'yarta Tsinke daga makaranta za ta koyar da ita da kanta a falo, sai da na ajiye almakashi na dube ta daga sama har ƙasa. Na ce, "Ke ce shugabar makaranta, ke ce malamar aji, ke ce mai kaɗa ƙararrawa? To sannu da ƙoƙari, Malama." Daga ranar sunan ya bi ta, har mijinta da shi yake kiranta.

Amma tsakani da Allah tana da dalili. Tsinke 'yar ƙanena ce, shekararta shida, kuma da ciwon sikila aka haife ta. In ta gaji ko sanyi ya taɓa ta, sai ƙasusuwanta su ɗauki ciwo, daga nan sai asibiti. A makarantar da take, wani malami ya sa 'yan aji su zagaye fili a guje saboda sun yi surutu. Yarinyar ta ce ba za ta iya ba, ya ce ƙiwa ce. Ta yi gudun. Sama da mako muka yi a gefen gadonta ana mata ƙarin ruwa. Tun daga nan in ta ga kayan makarantarta rataye a bayan ƙofa, sai ta kau da kai kamar ta ga allura.

Ƙanena aikin shimfiɗa titi yake yi a can nesa, sai jefi-jefi yake leƙo gida. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: shekara guda. In shekara ta zagayo Tsinke ba ta iya karanta ƙaramin littafi daga farko har ƙarshe ba, za a nemi wata makaranta a mayar da ita, don shi ba zai zuba ido 'yarsa ta tashi ba ta san baƙi ba. Shagona na ɗinkin labule yana ƙasan benen da suke, saboda haka ya ce, "Yaya, ke ce idona." Na ce ai ko ba ka faɗa ba.

To, ido kuwa ya ga abin kallo.

Malama ba raguwa ba ce, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Ta ture kujeru, ta sayo ɗan tebur, ta kafa allo a bango. Matsalarta ɗaya: akwai wani zaure da ta shiga a waya, na iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida, kuma duk abin da aka yaba a can sai ya kwana a gidanta. Da farko wata ta ba ta wani tsohon littafin koyon karatu mai labarin agwagwa, kowane darasi da guntun labarin. Suna cikin yi aka ce ai wannan tsohon yayi ne, yanzu faranti ake cikawa da yashi yaro ya zana harafi da yatsa. Aka rufe agwagwa, aka kawo yashi. Yashi bai gama shiga ƙasan kujeru ba aka ce haruffan katako masu launi sun fi. Bayan katako sai waƙoƙi a waya. Bayan waƙoƙi sai wani littafi mai taurarin mannawa. Kuma kowanne daga harafin a yake farawa. Na ce mata, "Malama, wannan a ɗin ko makaho ne ai ya gane 'yarki." Ta yi dariya ta ce ban san tsarin zamani ba.

Rabin shekara ya wuce a haka. Falo ya zama kantin littattafai, yarinya kuwa ko sunanta ba ta iya haɗawa. Ni har na fara tsara yadda zan gaya wa ƙanena, da ɗan "ai na faɗa" a gefe.

Wata safiya Malama ta sauko da Tsinke ta bar min ita, ta ce za ta je karɓo saƙo. Ban ma tambaya ba, na san wani sabon tsarin ne. Yarinyar ta shige ƙarƙashin teburin yanka, inda ta saba zama, tana jera zobban labule a ƙasa. Ina cikin taka keken ɗinki na ji ta ce, "Gwaggo."

Na ce, "Na'am, Tsinken sakace."

"Ni daƙiƙiya ce, ko?"

Ƙafata ta tsaya a kan keken. Na leƙa ƙasa na ce, "Wane mara kunyar ne ya gaya miki haka? Faɗa min sunansa yanzun nan."

Ta ce, "Ba kowa. Ai kullum sai mun koma farko. In na kasa, sai Mama ta sayo wani mu sake. Ban taɓa kaiwa ƙarshe ba ko sau ɗaya." Ta juya zobe a yatsa. "Kuma agwagwar nan ta ɓata a bakin kududdufi aka rufe littafin. Har yanzu tana can ita kaɗai."

Wallahi ji na yi kamar an zuba min ruwan zafi a ƙirji. Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ina hango Malama ta shigo da kwali a rungume, na tare ta a ƙasan matakala, na ja ƙofar shago don kada yarinyar ta ji. Na zazzage mata duk abin da ke bakina. Na ce mai haƙa rijiya biyar kamu ɗaya-ɗaya ai da ƙishirwa zai kwana. Na maimaita mata maganar 'yarta kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Na gyara tsayuwa ina jiran ta rama, don ita ma ba kanwar lasa ba ce.

Ba ta rama ba. Zama ta yi a kan matakala, kwalin a cinyarta.

Can ta ce, "Yaya, tsoro nake ji. Duk wanda na ɗauka sai in ga kamar akwai wanda ya fi shi. Yarinyar nan ƙarfinta kaɗan ne, ba na so in ƙarar mata da shi a kan abin da bai dace ba. Ashe ni nake ƙarar da shi." Ta share ido da bayan hannu, ta miƙe. "Ba ni buhunan labulenki guda biyu."

Ko buɗe sabon kwalin ba ta yi ba. Ta hau sama ta kwashe faranti, katako, taurari, duk ta ɗure a buhu. Ta zaro littafin agwagwa kaɗai, mai bango a naɗe, ta karkaɗe yashin da ke jikinsa. A gabana ta fice daga zauren wayar. Sannan ta jawo buhunan har shagona ta ce, "Ki ajiye min. Ko da kuka na zo, kada ki ba ni." Na ce, "Wannan aikin kam na iya shi."

Ta durƙusa gaban Tsinke ta ce, "Ba ke kika kasa ba, ni ce na yi ta canzawa. Wannan za mu bi har ƙarshe, ko sama da ƙasa za su haɗe." Tsinke ta karɓi littafin, ta ruga ta ɗauko abin maƙale shanya, ta danne shafukan ƙarshe da shi. Ta ce kada wanda ya leƙa, ita za ta gano wa kanta inda agwagwa ta ƙare. Ta sa mu duka muka yi alkawari.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Da suka kai inda ake haɗa haruffa su zama kalma, abu ya cije. Tsinke ta san b, ta san a, amma a ce ta haɗa su sai ta tsaya tana kallon silin. Kwana da kwanaki suna wuri ɗaya. Sai ga Malama a shagona, ido ja, tana murza hannu. Wai haruffan katakon nan kawai zan ba ta, don an ce su ne maganin wannan matsalar.

Na tashi na zauna daram a kan buhun. Na ce, "Sai dai ki ɗaga ni."

"Yaya, don Allah."

"Don Allah ɗin ne ya sa na zauna. Hau sama."

Ta yi tsaki, ta kira ni azzaluma, ta hau. Ina jin su ta taga, ba, ba, ba, kamar akuya ta ɓata. Sai wata rana da hantsi na ji ihu daga sama, na yar da abin awo na haura a guje, a zatona ciwon ne ya tashi. Na tarar da uwa da 'ya suna tsalle a kan kujera. Wai Tsinke ta karanta "baba" ba wanda ya taya ta. Na ce saura kaɗan ku kashe ni a banza.

Ciwon kuma ya tashi daga baya, kamar yadda ya saba. Aka kwantar da ita. Malama ta haɗa kaya, littafin agwagwa a saman jaka. Na ce haba, a bar yarinya ta huta mana. Tsinke da kanta ta ce a kawo. Hannu ɗaya da robar ƙarin ruwa, ɗayan yana bin layi. Abin da kawai ta tambaya shi ne, "Mama, in mun koma gida daga farko za mu fara?" Malama ta ce, "Daga inda muka tsaya." Sai ta lumshe ido ta yi barci.

Shekara ta cika, ƙanena ya dawo. Bai yi wasa da maganarsa ba, bayan ya huta ya ce a zo a zauna. Ni a kujerar gefe, Malama a tsaye jikin bango don ta kasa zama, Tsinke a ɗan teburinta. Kayan makarantar nan suna rataye a bayan ƙofa, kowa yana ganinsu, kowa yana yi kamar bai gani ba.

Ta fara daga shafin farko. A hankali take tafiya, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Agwagwa ta bar gida. Agwagwa ta bi malam-buɗe-littafi. Agwagwa ta ɓata a bakin kududdufi. In ta yi tuntuɓe sai ta koma baya ta sake, ba ta ɗaga kai ta nemi taimako. Ƙanena ya sunkuyo, gwiwar hannu a cinya. Ta wuce inda agwagwa ta tambayi kwaɗo hanya, ta wuce inda hadari ya haɗo. Ta iso wurin abin maƙale shanya, ta cire shi ta ajiye a gefe, ta karanta shafin da ke ƙasa: ruwa ya sauko, agwagwa ta ga hanya ta rabu biyu.

Ta juya shafin. Babu komai. An yage shafin ƙarshe tun kafin littafin ya zo gidan, sai ɗan guntun takarda a jikin ɗinki da farin bango.

Na ji Malama ta ja numfashi. Na dubi ƙanena, na ga yana kallon bangon littafin. Shi ya ce daga farko har ƙarshe, ga shi ƙarshen babu. Na buɗe baki zan fara masifa, in ce ai ko alƙali ya san ba laifin yarinya ba ne, sai Malama ta ɗaga min hannu. Karo na farko ke nan da ta taɓa sa ni na yi shiru.

Tsinke ta daɗe tana kallon farin bangon. Na ce a raina shi ke nan, kuka ya zo. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki fensir. Ta kwantar da kai a kan tebur, harshe a waje, tana dannawa kamar za ta huda takardar. Ba wanda ya motsa. Da ta gama ta tura wa ubanta littafin ta ce, "Baba, kai karanta wannan."

Rubutun ya karkace, ya gangara ƙasa, harafi ɗaya ma ya juya baya. Ƙanena ya karanta da ƙarfi: "Agwagwa ta koma gida gun mamarta. Ba a sa ta gudu ba."

Ni dai kuka na yi, kuma ban ji kunyar kowa ba. Malama ta juya ta fuskanci allo, kafaɗunta suna girgiza. Ƙanena ya rufe littafin a hankali, ya tashi ya je bayan ƙofa, ya sauke kayan makarantar daga ƙusa. Ya ninke su ya miƙo min.

Ya ce, "Yaya, ki duba ko akwai wanda za su yi wa daidai."