Injin da Ya Daina Fitsari

Da hantsi aka kawo injin cikin baro, Auta na biye da shi a ƙafa. Bakanike ya ga ƙanwar tasa ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa.

Injin mijinta ne, Dogo mai jirgin fito. Masunta suka tsinci jirgin yana yawo a tsakiyar ruwa babu kowa ciki, gawar kuwa har yau shiru. Bakin mutane kuma ai ba ya ƙulluwa. Cewa suke Dogo da kansa ya faɗa ruwa, wai tun da 'yarsu ta nitse a mashigin nan bara bai sake zama daidai ba. Maganar nan ita ke cin Auta, fiye da rashin ma.

"Yaya, ka duba min shi," ta ce. "In inji ne ya ci amanarsa, ina so in sani."

Bakanike mutum ne mai faɗa, ko sifana ta ɓace sai unguwa ta ji, amma yau ko tari bai yi ba. Ya rataye injin a bakin duro, ya cika ruwa, ya ja igiya. Da ƙyar injin ya tashi. Irin wannan inji ruwan kogi yake sha ya huce, ya tsartar da shi ta wata 'yar ƙofa a baya, masu jirgi na ce mata fitsari. Inji mai fitsari lafiyarsa ƙalau. Wannan ko ɗigo bai yi ba, nan da nan kansa ya ɗau zafi, fenti ya soma wari. Ya kashe.

Ya zura waya a ƙofar fitsarin, ko zanzaro ya yi gini a ciki, babu komai. Ya duba ragar da ruwa ke shiga ta ƙasa, ba ciyawa, ba leda, fes kamar an wanke. Auta na zaune kan tsohuwar taya, ba ta ko ƙifta ido.

Da ya kwance famfon ruwan, sai ga fankar robar da ke ciki ta narke ta manne kamar ƙanzo. Shi da hannunsa ya sa ta sabuwa, yashi bai ci ta ba, tsufa bai kama ta ba. Ƙonewa ta yi a bushe. Ya shafa ƙugiyar da ke riƙe inji in an ɗaga shi, ya ji ta lanƙwashe, alamar fizga ɗaya aka yi da ƙarfin tsiya.

"Me ka gani?"

"Injin bai lalace da kansa ba, Auta. Ɗaga shi aka yi daga ruwa yana cikin gudu, aka bar shi yana ihu a iska har ya ƙone."

"Dogo zai yi haka? Mutumin da ke goge injin nan da rigarsa?"

Ya so ya yi shiru, wallahi ya so. Amma duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san amsar, ita ma in ta zauna za ta gano.

"Abu ɗaya ke sa mai jirgi ya yi haka. In ya ga mutum a ruwa dab da farfela, babu lokacin kashewa, sai ya ɗage don kar ta yanka shi."

"Ba a nemi kowa an rasa ba ranar," ta ce a hankali.

"Ba a nema ba."

"Masunta sun ce shi kaɗai ne a mashigin."

Ya juya ya dubi inda ya rataye injin. Ruwan duron yana ta kaɗawa, ga inji a kashe tun ɗazu, ga babu iska.

Sai Auta ta yi murmushi, irin wanda rabonsa da gani tun kafin bara, kuma shi ya fi komai ba shi tsoro.

"Ashe ba faɗawa ya yi ba. Ganin 'yarmu ya yi a ruwa, ya miƙa hannu." Ta tashi ta karkaɗe zani. "Gyara min shi, Yaya. Gobe ka ɗaura a jirgin, na iya tuƙi, mashigin zan je."

Wata sabuwar fanka na nan a kan tebur, dab da gwiwar hannunsa. Ya ɗora tafinsa a kai, ya ja ta a hankali zuwa aljihu.

"Babu kayansa a gari," ya ce. "An daina kawo irinsu."