Leɓen Larai

Jinin bai tsaya ba sai da ya jiƙe gefen zanen Rabi'atu sharkaf. 'Yarta Larai, mai shekara huɗu, leɓenta kawai ta ciza tana cin gyaɗa.

Da jan tabo aka haife ta a leɓen ƙasa, ɗan mitsitsi kamar ɗigon zoɓo. Tana girma yana girma, har ya haye kunci, ya yi shuɗi, ya kumbura kamar nunannen ɓaure. Mahaifinta Arzika shi ne wanzamin Limawa. Ya cire beli, ya yi ƙaho, ya tsaga maruru ba adadi, amma ya ƙi kusantar fuskar 'yarsa da aska.

"Malam, ka yanke shi," in ji Rabi'atu, muryarta a dushe. "Na kowa ka taɓa ya warke, sai na 'yarka?"

Ya ɗora yatsa a kan kumburin. Yana bugawa kamar zuciya.

"Ba maruru ba ne. Jijiyoyin jini ne suka cure wuri ɗaya. In na tsaga, babu garin bagaruwar da zai tsayar da shi."

"To, mu zuba mata ido ta tsiyaye?"



A ƙarshen bazara likitan Turawa ya sauka Dutse, kusa da Limawa, yin lambar agana. Mata suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Rabi'atu kuwa ta goya tata ta nufi masaukinsa, Arzika na biye. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Baturen ya danna kumburin a hankali, ya ga ya lafa, ya saki, ya ga ya sake cika. 

"Ya ce shi ma ba zai taɓa shi a nan ba," in ji tafinta. "A asibitin Kano ana iya ɗaure jijiyar da ke shayar da shi. Wataƙila ta tashi, wataƙila ba ta tashi ba."

Ranar da maƙwabta suka fita shuka, su suka kama hanyar Kano. Larai na bisa jaki, uwar na tafe a gefe, ta tallafe mata haɓa kada tangaɗi ya haɗa haƙori da leɓe. Hannunta ya sage, ba ta sauke ba.

Da hantsi suka gamu da wani dattijon falke.

"Baba, Kano da sauran nisa?" in ji Arzika.

Dattijon ya dubi yarinyar, ya dubi hadarin da ke haɗuwa gabas.

"Ku dai yi ta tafiya," ya ce.